Kamfanonin katako da hidimomin daji: me suke gani, me yake ɓace musu?

"Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe a karatun kula da gandun daji. A aji ana koya mana cewa daji yana yi wa mutane hidimomi da yawa bayan katako: yana tace ruwa, yana riƙe ƙasa, yana zuƙe iskar kabon. To su kamfanonin da ke dasa itace da sara da sarrafa shi, yaya suke kallon wannan? Sun yarda cewa kasuwancinsu ya dogara da waɗannan hidimomi, sun kuma yarda suna yi musu illa? Ko dai abin da suke rubutawa a rahotanninsu na shekara kwalliya ce kawai? Ina son in sani kafin in nemi aiki a wajensu."

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa a gama lafiya.

Tambayarka ta haɗa abu biyu da ake yawan faɗa a numfashi ɗaya: abin da kamfani yake ci daga daji, da abin da yake yi wa daji. A takarda ana jera su kafaɗa da kafaɗa, amma a ofishin manaja nauyinsu ba ɗaya ba ne. Abin da na gani a aikina na duba tsare-tsaren sara da bin sawunsu a cikin gandu shi ne, kamfani yana gane dogaronsa ranar da abin ya shiga littafin akanta. Illarsa kuwa yana gane ta ranar da wani ya dawo masa da ita har ƙofa, ko hukuma, ko mai saye, ko mutanen da ke zaune a ƙasan rafi. Kafin waɗannan ranaku biyu su zo akwai tazara mai tsawo, kuma a cikinta ne mafi yawan ɓarna take faruwa, sau da yawa ba tare da kowa ya ƙudurta mugunta ba.

Daga ina maganar ta taso

Masu sana'ar daji sun daɗe da sanin cewa ba a sara fiye da abin da ke tsirowa. Tun a 1713 Hans Carl von Carlowitz, jami'in ma'adinai a yankin Saksoni na Jamus, ya rubuta wannan ƙa'ida, domin aikin haƙar azurfa yana cinye itace fiye da yadda dazuzzuka ke mayarwa. Sai dai ka lura da abin da ya dame shi: kada itace ya ƙare. Ruwa da ƙasa da namun daji ba su ne abin ƙirgawa ba. Wannan gado shi ne har yau yake zaune a kan mafi yawan manajojin gandu. Idan ka ce musu "ɗorewa", abin da ke faɗo musu a rai shi ne kubik mita nawa ke ƙaruwa a kowace hekta a shekara.

Faɗaɗa maganar ya zo ne daga waje. A 2005 aka fitar da sakamakon babban binciken muhalli na ƙarni wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta nema, da masana fiye da 1,300. Shi ya yaɗa rabon da aka koya muku a aji, wato hidimomin da ke ba da kaya, da masu daidaita yanayi, da na al'ada, da waɗanda ke tallafe sauran, ya kuma gano cewa 15 daga cikin 24 da aka duba suna lalacewa ko ana cinsu fiye da kima. A 2008 cibiyar binciken albarkatun duniya ta WRI da ƙungiyar manyan kamfanoni ta WBCSD suka fitar da wata hanya da kamfani zai bi ya tantance dogaronsa da illarsa a kan kowace hidima, kuma kamfanin takarda na Mondi yana cikin waɗanda suka fara gwada ta a gandayensa na Afirka ta Kudu. A Disambar 2022 yarjejeniyar Kunming da Montreal, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare halittu, ta sa a ƙudurinta na 15 cewa manyan kamfanoni da bankuna su riƙa aunawa da bayyana wannan dogaro da wannan illa, sannan a Satumbar 2023 kwamitin TNFD, wanda aka kafa don tsara yadda kamfanoni za su ba da rahoto a kan muhalli, ya fitar da tsarin yadda za a rubuta rahoton. Saboda haka kalmomin sun shiga bakin kamfanoni. Ko sun shiga tsarin aikinsu, wannan ita ce ainihin tambayarka.

Kafin in amsa, ka raba kamfanonin gida biyu, domin tunaninsu ya sha bamban. Akwai masu gandun dashe, waɗanda ke shuka itatuwan katako da takarda irin su turare ko fayin (pine) ko akeshiya (acacia) a jere su girbe kamar amfanin gona. Akwai kuma masu sara a dajin asali, waɗanda ke shiga su zaɓi manyan itatuwa su fito da gungume. A ƙididdigar 2020 ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, duniya tana da daji hekta biliyan 4.06, gandun dashe na kasuwanci kuwa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kacal na wannan, amma daga cikinsa kaso mai tsoka na itacen masana'antu yake fitowa.

Dogaron da suke gani da wanda ba sa gani

Akwai wani aiki da nake yawan yi da ma'aikatan kamfani. A zauna a ɗaki ɗaya, manajan gandu da mai kula da renon dashe da akanta da mai kula da hanyoyi, a jera hidimomin a allo, a ce kowa ya faɗi wadda aikinsa ba zai yiwu ba sai da ita. Kullum abu huɗu ne ke fitowa ba gardama: itacen kansa, ruwan sama, ƙarfin ƙasa, da tsaro daga gobara. Da an zo kan barbarar furanni, da dabbobin da ke yaɗa iri, da ƙwarin da ke cin ƙwarin ɓarna, sai ɗakin ya yi shiru. Akanta zai ce bai taɓa ganin takardar biyan kuɗinsu ba. Gaskiya ya faɗa, kuma nan matsalar take. Abin da ake samu kyauta ba shi da layi a kasafi, wanda ba shi da layi kuwa ba shi da mai kula da shi.

Dubi Kanada. A lardin Biritish Kolombiya akwai wani ɗan ƙwaro da ke shiga ƙarƙashin ɓawon itacen fayin, ɗan asalin wurin ne ba baƙo ba. Abin da ke taƙaita shi shi ne tsananin sanyin hunturu, irin wanda ke kusantar digiri 40 ƙasa da sifili, wanda ke kashe tsutsotsinsa. Babu kamfanin da ya taɓa rubuta sanyi a cikin kadarorinsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 hunturu ya yi ta sassauci, ga kuma tsofaffin itatuwa iri ɗaya birjik saboda an shekara da shekaru ana kashe duk wata gobara. Ƙwaron ya bazu a fili fiye da hekta miliyan 18. An yi ta rububin sare matattun itatuwa na wasu shekaru, daga baya adadin da aka yarda a sara ya ragu, injinan yankan katako da dama suka rufe. Irin haka ta faru a Jamus da Jamhuriyar Cek bayan farin 2018, inda wani ƙwaron ɓawo ya afka wa gandayen itacen sifurus (spruce), ɗan'uwan fayin, da aka dasa iri ɗaya a wuraren da ba mazauninsa na asali ba. Gungume ya cika kasuwa har farashi ya faɗi, a wasu wurare kuɗinsa bai biya kuɗin sara ba. Tun daga nan za ka ji masu gandu a can suna maganar gauraya itatuwa da bakinsu, abin da masana suka daɗe suna faɗa ba a saurara ba.

Wani dogaron ma a ƙarƙashin ƙasa yake. An sha yunƙurin dasa fayin a ƙasashen zafi, dashen ya tsiro ya yi ɗorawa ya tsaya cik. A Puerto Rico sai a shekarun 1950, da aka kawo 'yar ƙasa daga gindin itatuwan fayin na Amurka aka zuba wa dashen, sannan ya kama. Abin da ya rasa wata funfuna ce da ke manne wa saiwa tana taimaka mata zuƙo ruwa da sinadarin fosfaras. Yau duk mai renon fayin ya san wannan, domin ya shiga tsarin aiki. Amma kamfanin da ke kula da funfunar a wurin reno shi ne zai tura manyan injina cikin damina su danne ƙasar gandu har ta yi tauri, ya kuma ƙone ganyaye da ɓawon da aka bari bayan girbi. A gandun turare da ake girbewa duk shekara 6 ko 7, kamar yadda ake yi a Birazil, ɓawo da ganye da ƙananan rassa suna ɗauke da kaso mai yawa na abincin ƙasa. In ka kwashe su ko ka ƙone, zagaye na biyu ko na uku zai nuna maka. Kamfanonin dashe masu hankali sun gane wannan sosai, kuma nan ne nake ganin sun fi kowa gaskiya: suna ɓare gungume a cikin gandu su bar ɓawon a wurin, suna auna ƙasa, suna hana injin shiga idan ta jiƙe. Ƙasar tasu ce, asarar ma tasu ce.

Masu sara a dajin asali lamarinsu ya fi wuya. A dazuzzukan Kamaru da Gabon akwai itacen moabi mai tsada, wanda giwayen daji ke cin 'ya'yansa su kai ƙwallon nesa. Iroko kuma jemagu ne ke yaɗa irinsa. Kenan itacen da kamfani zai sara nan gaba yana hannun dabbobi. To amma hanyar da kamfani ya buɗe da katafila don fito da gungume ita ce maharba ke bi su shiga inda da ba sa iya kaiwa. Zagayen sara a wannan yanki shekara 25 zuwa 30 ne, moabi kuwa kafin ya kai girman sara ya wuce rayuwar manaja da ta ɗansa. Mai riƙe da lasisin irin wannan daji kamar ɗan haya ne da ya san ba shi zai zauna a gidan ba lokacin da rufin zai fara yoyo. Ba sai ya zama mugu ba kafin ya ƙi gyara.

Lissafin kuɗi ma yana taya shi. Idan masu hannun jari suna neman ribar kashi 8 cikin 100 a shekara, to amfanin da zai zo bayan shekara 30 darajarsa a yau kimanin kashi ɗaya cikin goma ce kawai. Duk wata hidima da ladanta ke nesa, wannan lissafi yana ƙanƙantar da ita tun kafin a fara muhawara. Wannan ba ra'ayin manaja ba ne, ma'aunin da ake auna shi da shi ne.

Illa: abin da ke gangarawa ƙasan rafi

Idan ka tambayi ma'aikacin kamfanin dashe illar da suke yi, amsar farko kusan kullum ita ce, ai mu dasa itace muke yi. Yana faɗa da zuciya ɗaya. Zai lissafa maka kabon da gandu ke zuƙa, da ayyukan yi, da cewa itacensu yana rage matsi a kan dajin asali. Akwai gaskiya a ciki. Amma na lura mutane sun fi saurin faɗin illar da ta tsaya a cikin shingensu, kamar zaizayar da ke cin hanyarsu, fiye da wadda ke fita waje.

Ruwa ne babban misali, kuma Afirka ta Kudu ce ta fi kowa auna shi. Tun 1935 aka kafa tashar bincike a Jonkershoek saboda manoma suna kukan cewa gandayen dashe suna busar musu da rafuka. A wani gwaji a Mokobulaan an dasa turare a kan filin ciyawa: a shekara ta uku ruwan rafi ya fara raguwa, a ta tara ya ƙafe ƙaf, kuma bayan an sare itatuwan sai da aka shekara biyar kafin ya dawo yana gudu rani da damina. Dalili a fili yake. Itace mai saurin girma yana da dogayen saiwoyi da ganye duk shekara, ciyawa kuwa tana bushewa ta huta. Afirka ta Kudu ta fara wajabta neman izini kafin dashe a 1972, sannan dokar ruwa ta 1998 ta ayyana gandun dashe na kasuwanci a matsayin aikin da ke rage gudun rafi, wanda sai da lasisi kuma ana biya. Daga nan ruwa ya samu layi a kasafi. Kamfanoni suka fara cire itatuwa daga fadamu da gaɓar rafuka, suka ɗauki masana ruwa aiki. Ina jan hankalinka kada ka ɗauki wannan sakamako ka shimfiɗa a ko'ina. Dasa itace a filin ciyawa mai ƙarancin ruwan sama daban yake da dasa shi a ƙasar da ta riga ta lalace, inda itacen zai iya taimaka wa ruwa ya nutse. Wuri ne ke yanke hukunci.

Niyu Zilan ta nuna wata fuskar. A gabashin tsibirin arewa an dasa fayin a kan tsaunuka masu zaizaya, musamman bayan guguwar Bola ta 1988, don a riƙe ƙasa. Ya kuwa riƙe. Amma idan aka zo girbi aka sare gangare gaba ɗaya, tsofaffin saiwoyi suna ruɓewa kafin sababbi su kama, sai a samu 'yan shekaru da ƙasar ba ta da mai riƙe ta. A Yunin 2018 ruwan sama ya kwaso tarkacen rassa da guntayen gungume ya jibge a gonaki da gidajen yankin Tolaga Bay, kotu ta ci tarar kamfanoni da dama. A Fabrairun 2023 guguwar Gabrielle ta maimaita abin da girma, gadoji suka karye, gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Ka ga gandu ɗaya, yana ba da hidima shekara ashirin da wani abu, yana janye ta a 'yan shekaru. Rahoton kamfani zai ba ka labarin shekarun farko. Mutanen da ke zaune a kwari kuwa shekarun bayan girbi suke tunawa.

Wanda ya fi damuna shi ne na Indonesiya, domin a can illa da dogaro sun zama abu ɗaya. A Sumatra da Kalimantan akwai fadamu waɗanda ƙasarsu tarin ruɓaɓɓen itace da ganye ne na dubban shekaru, ruwa ne ya hana su ƙarasa ruɓewa. Don a dasa akeshiyar yin takarda ko kwakwar manja sai a haƙa magudanai a janye ruwan. Da iska ta shiga, ƙasar tana ruɓewa tana fitar da kabon, tana kuma nutsewa kimanin santimita 5 a shekara. In ta bushe tana ci da wuta ta ƙarƙashi har makonni. A 2015 gobara ta cinye hekta miliyan 2.6 a ƙasar, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar a dala biliyan 16.1. Ba kamfanonin takarda kaɗai ke da alhaki ba, hannaye da yawa ne a ciki. Amma ka tsaya ka yi tunani: ƙasar da ke nutsewa kullum wata rana za ta kai inda ba za a iya janye mata ruwa ba, gandun ya koma tafki. Kamfanin da ya haƙa magudanar yana cin filin da yake tsaye a kai, sai dai ranar biya ta yi nisa da zangon kowane manaja.

Inda ake yanke hukunci na gaskiya

Duk wannan manyan labarai ne. A aikin yau da kullum illa tana faruwa a ƙananan wurare, kuma mashigar rafi ce na fi zuwa in duba. Na taɓa tsayawa a wata mashiga a gandun wani kamfani mai takardar shaidar kula da daji da kyakkyawan tsari a rubuce. Taswira ta nuna shingen itatuwa a gaɓa biyu, ta nuna inda za a sa kwalbati. A ƙasa kuwa, direban injin jan gungume ya tura ƙasa da rassa cikin rafin ya yi wa kansa hanya, domin kwalbatin yana can gaba, zuwa wurinsa zai ƙara masa tafiya a kowane sawu. Sawun taya ya zama kwata mai zurfin gwiwa, jar laka tana bin sa tana shiga ruwa. Sama da mashigar kana ganin tsakuwa a ƙasan rafi, ƙasa da ita ruwan ya yi kauri ba ka ganin komai. Da na yi magana da direban bai ɓoye ba: ɗan kwangila yake yi wa aiki, kuma a kan yawan kubik mitar da ta isa wurin lodi ake biyansu. Ba wanda ya taɓa biyansa don ya bar rafi da tsabta, ba kuma wanda ya taɓa cire masa ko kaɗan don ya ɓata shi.

Shi ya sa idan aka tambaye ni ra'ayin kamfani a kan hidimomin muhalli, ba na fara neman shugaban sashen muhalli. Takardar kwangilar sara nake nema. Abin da kamfani ya yarda da shi da gaske yana cikin abin da yake biya da abin da yake cin tara a kai.

Kuma gyaran ba sihiri ba ne. A dajin asali, idan aka yi taswirar itatuwa kafin sara, aka yanke kurangar da ta ɗaure su tun da wuri, aka tsara hanyoyin ja, aka koya wa mai injin sara ya kwantar da itace inda ake so, ɓarnar da ake yi wa itatuwan da suka rage tana raguwa ƙwarai. Gwaje-gwaje a Amazon da Borneo sun nuna haka. Gungumen da ake mantawa a daji ma yana raguwa, don haka wani lokaci tsarin yana biyan kansa. Abin da ke hana shi yaɗuwa shi ne yana buƙatar kuɗi da horo a gaba, da ma'aikatan da za su daɗe.

Me ke motsa su

Doka ce ta farko, in ana aiwatar da ita. Dokar daji ta Birazil ta 2012 ta wajabta barin mita 30 a kowace gaɓa ta rafin da faɗinsa bai kai mita 10 ba, da kuma wani kaso na fili a matsayin dajin asali. Manyan kamfanonin turare na can suna da faffaɗan dajin asali a tsakanin gandayensu, kuma wasu ma'aikatansu za su gaya maka cewa abin da aka tilasta musu ya zama garkuwa daga ƙwari da gobara. Na biyu shi ne mai saye. Tsarin shaida na FSC da aka kafa a 1993 da na PEFC na 1999, ƙungiyoyin da ke ba kamfani shaidar cewa yana kula da daji yadda ya kamata, sun samu ƙarfi ne saboda manyan masu sayen takarda da katako sun ce sai da su. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 da ta hana shigo da katako daga filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020, ko da yake an ɗage fara aiki da ita. Bankuna da kamfanonin inshora su ne sababbin shiga, gobarar da ta cinye kimanin hekta miliyan 15 a Kanada a 2023 ta sa sun ƙara buɗe ido. Maƙwabta kuwa, su ne ake rainawa har ranar da suka tare hanya.

Akwai kuma masu kallon hidimomin a matsayin haja. Kosta Rika ta yi doka a 1996 ta fara biyan masu daji a 1997 saboda kabon da ruwa da yawan halittu da kyan gani, da kuɗin harajin man fetur. FSC ma ta fito da hanya a 2018 da mai gandu zai tabbatar da amfanin da yake yi wa ruwa ko ƙasa ko halittu ya nemi mai biya. Ina goyon bayan a biya mai kula da daji. Abin da nake tsoro shi ne kabon ya fi sauran sauƙin aunawa da sayarwa, sai ya danne su. Gandu iri ɗaya mai saurin girma zai ci jarrabawar kabon ya faɗi ta ruwa da ta halittu, kuma kasuwa ba za ta tambaya ba.

To kwalliya ce?

Wani ɓangare kwalliya ne, musamman inda rahoto ya cika da yawan dashen da aka yi da hotunan tsuntsaye, babu ko layi ɗaya a kan ruwan da ya ragu ko ƙorafin da aka kawo. Amma ban yarda duka ƙarya ba ne. Na yi aiki da masu kula da gandu waɗanda suka san kowace fadama a yankinsu, suna faɗa da sashen girbi a kanta, wani lokaci su yi nasara. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne ganinsu ya karkata. Suna gani sarai a kan abin da ke kusa, nasu ne, kuma ana iya auna shi. Ganin yana dushewa a kan abin da ke nesa, na wasu ne, ko mai tafiyar hawainiya.

Ka riƙe maganata da iyakarta. Na fi sanin manya da matsakaitan kamfanoni, waɗanda dama sun yarda a shigo a duba su, kuma wannan kansa tacewa ce. Masu ƙananan injina da masu sara ba lasisi, waɗanda a ƙasashe da yawa su ke cika kasuwar cikin gida, ba sa rubuta rahoto, kuma lissafinsu na abincin gobe ne. Sannan abin da mutum ya faɗa a ɗakin taro ba lallai ya zama abin da yake yi ba, ta kowane ɓangare: na ga masu iya magana da aikinsu bai kai ba, na ga waɗanda ba su taɓa jin waɗannan kalmomi ba amma ba sa barin injin ya taka gaɓar rafi. Ƙiyasta hidima da kuɗi ma ina ɗaukarsa da taka-tsantsan, domin adadin yana sauyawa sosai gwargwadon zaton da aka gina shi a kai.

Game da neman aiki, ina ba ka shawara ka nema, domin a ciki ake rubuta tsarin sara. Idan aka kira ka ganawa aka ba ka damar tambaya, ka tambayi waɗannan. Shin suna auna ruwan rafukansu sama da ƙasa da wurin girbi, kuma tun yaushe? Me suke yi da ɓawo da rassa bayan sara? Kwangilar ɗan kwangila tana da lada ko tara a kan mashigar rafi da danne ƙasa? Mai kula da muhalli yana da ikon dakatar da girbi idan ƙasa ta jiƙe, kuma an taɓa yin haka? Wa ke karɓar ƙorafin maƙwabta, kuma wanne ne na ƙarshe da ya sa aka sauya tsari? Idan filin lasisi ne, shekara nawa suka rage, kuma wa ke tsare hanyoyin bayan an gama sara? Kafin ka je, ka ƙware a karatun taswira da auna gudun ruwa da ɗaukar samfurin ƙasa, ka kuma koyi karanta kasafin kuɗin gandu, domin da shi za ka yi muhawara da sashen girbi. In sun yarda, ka roƙi a zagaya da kai wurin da aka girbe a daminar da ta wuce, ba wanda ake shirin girbewa ba.